Kachala, mashigin ruwan garinmu, da yaron da ya so ya auna ta

Wanda bai san gabashin Hadejia ba in ya hango kachala daga kan titi cewa zai yi kai wannan ƙasa ta samu albarka, kore shar iya ganinka har a tsakiyar bazara lokacin da ko'ina ya ƙone. Mu da muke zaune a ciki mun san abin da ke ƙarƙashin koren nan, gonakin shinkafa ne da aka haƙura da su, da hanyoyin jirgi da suka toshe, da wuraren kamun kifi da yanzu ko gora ba za ta ratsa ba. Ciyawa ce doguwa, wani wurin ta haura mita uku, kanta yana fitar da wani abu ruwan ƙasa kamar zangarniyar gero, in ya bushe ya fashe iska ta kwashi irin ta watsa, kuma kai ɗaya tak sai ya ba da iri dubun-dubata. 'Yan boko Typha suke ce mata.

Labarin mashigin ruwa guda ɗaya zan kawo, a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Guri, da ɗan yayata da ya ɗauki kachalar mashigin nan a matsayin aikin digirinsa na biyu, da yadda aka yi aikin ya tsaya a rabi. Ban sa sunan garin ba, ban sa nasa ba, haka makarantarsa, dan ba tonon silili na zo yi ba. Ni malamin sakandare ne, aikin gona nake koyarwa, kuma ina noman rani kaman kowa a nan.

Abu na farko da ya kamata a riƙe, dan zai dawo a maganar kuɗi, kachala ba daga wata ƙasa aka shigo mana da ita ba. Ba irin tsutsar tumatir ɗin nan ba ce da manoman Kadawa da Kura suke kira sharon, wadda asalinta Kudancin Amurka ne ta zo ta kwantar da tumatir a 2016 har kwando ya gagari mutanen Legas kowa ya ji a rediyo. Ka tambayi duk wani dattijo a yankin nan zai ce maka kachala tana nan tun suna yara, amma 'yar kaɗan, a bakin tafkin da ba ya ƙafewa, a yanko a yi asabari shikenan. Ruwan ne ya canza. Da can kogin Hadejia da damina yake cika ya fantsama cikin fadama wajen Agusta da Satumba, sannan ya ja da baya a bi sawunsa da shuka, kafin bazara ya ƙafe ƙaf sai yashi har a tona rijiya a tsakiyar kogi. Wannan ƙafewar ita ce ta riƙe kachala shekara da shekaru, ba ta jure wata da watanni a busasshiyar ƙasa. Sai aka gina dam ɗin Tiga a kan kogin Kano aka gama a 1974, aka ƙara na Challawa a 1992, ga kuma shingen ruwa na wajen Auyo saboda noman rani na kwarin Hadejia. Babbar ambaliyar damina mai wanke mashigai ta kwashe laka ta ragu, da rani kuma ana ta sakin ruwa kaɗan-kaɗan saboda masu ban ruwa da ruwan shan Kano, ragowar ya gangaro mana. Kogin da yake ƙafewa ya daina ƙafewa, ruwa ba zurfi, ba gudu, shekara zagaye, ga ragowar takin zamani daga gonakin sama yana biyo shi. In da za a tambayi kachala me take so a duniya toh wannan ne.

Daga nan kuma abin ya zama yana ciyar da kansa. Ta tsiro ta rage wa ruwa gudu, laka ta kwanta a gindinta, wurin ya ƙara rasa zurfi, ta ƙara samun wurin zama. Haka tsohon kogin Hadejia da Burum Gana suka toshe, yawancin ruwan ya karkata ta Marma ya nufi tafkin Nguru, wasu garuruwan ruwa ya kwanta a gonakinsu ba ya tashi, wasu kuma fadamarsu ta bushe suna kallo. Sai janbaki, da suka samu masaukin da ba mai iya shiga ya kore su, su kwana a ciki da safe su sauka a shinkafa da gero. Sai sauro, sai katantanwar da ke ɗauke da tsargiya. Kuma fa ba wai duniya ba ta san da wurin ba ne, tafkin Nguru da mashigin Marma su ne wuri na farko a Najeriya da ya shiga jerin dausayin yarjejeniyar Ramsar a 2000, Baturiya ta nan Jigawa ta shiga a 2008, saboda tsuntsayen da ke zuwa tun daga Turai su yi hunturu a nan.

Namu mashigin ƙarami ne, reshe ne da ke ɓallewa daga babban ruwa ya kai wa fadamar ƙasan gari. In ya toshe, mutanen unguwar sama ruwa ya kwanta musu a gona, mutanen unguwar ƙasa kuma su rasa na ban ruwa, kowa yana zargin ɗan'uwansa. Duk shekara dagaci yana sa a yi gayya, a fito da adda da lauje a sare, in ta bushe a banka mata wuta, kafin wata biyu ta dawo kore fiye da da. Tun ina saurayi haka ake yi.

Shi yaron kimiyyar halittu ya karanta, ya yi bautar ƙasa ya dawo, ya shiga mastas a 2021. Abin da ya ja hankalinsa wata 'yar siririyar hanya ce a tsakiyar kachalar da masunta suke bi da jirgi, kullum a buɗe take alhali hagu da dama bango ne. Ya je ya durƙusa wajen sarkin ruwa ya ce Baba Sarki, me ya sa nan ba ta fitowa? Tsohon ya ce, ɗana ai wannan ba sai an je jami'a ba, in ka yanke ta a ƙasan ruwa ka hana ta leƙowa ruɓewa take yi. Abin da ban sani ba shi ne zurfin nawa, sau nawa, a wane wata, kuma wa zai tsaya a ruwa har ƙirji matsattsaku na shansa a kyauta.

Toh wannan maganar ta tsoho ita ce tambayar binciken gaba ɗaya, bai ƙara komai a kai ba sai turanci. Kuma kimiyya ta yarda da tsohon. Ƙarfin kachala ba a ganye yake ba, a saiwa yake, wata farar saiwa mai kauri da ke gudu a kwance cikin laka tana ajiye abinci tana fitar da sabbin 'ya'ya. Lakar nan babu iska a cikinta, dan haka ganye da kara cike suke da 'yan ƙofofi da suke kai wa saiwar iska daga sama, hatta busasshen karan da ya mutu in dai kansa na waje yana ci gaba da wannan aikin. In ka sare sama da ruwa ko ka ƙone, ka bar mata hancinta a buɗe kenan, ga toka ka ba ta taki. In ka yanke a ƙasan ruwa kututturen ya nutse, saiwar ta shaƙe, ta ƙona abincin da ta tara tana ƙoƙarin turo sabon tsiro ya kai sama, in ka sake yankewa kafin ya leƙo sai ta fara mutuwa. An san wannan a wasu ƙasashe tun tuni. Abin da babu shi ne wanda ya zauna ya gwada a irin ruwanmu da ke hawa da sauka bisa ga abin da aka saki daga dam, ya fitar da lissafin da dagaci zai iya riƙewa ya ce a fito wata kaza, mutum kaza, sau kaza.

Ya yanka filaye ƙanana a cikin mashigin ya kakkafa turaku masu jan fenti. Wasu ya bar su yadda suke, wasu a ƙone, wasu a sare sama da ruwa, wasu a ƙasan ruwa sau ɗaya, wasu a maimaita. A bakin mashigin ya kafa wani dogon ƙarfe da ya zana wa santimita da farin fenti, ɗan sarkin ruwa yake duba masa kullum da safe ya rubuta inda ruwa ya tsaya. Na bi shi na ga aikin da idona, wallahi ba aikin ɗan gayu ba ne. Za ka shiga da tsohon wando, ƙafarka ta nutse a laka har gwiwa, wani wari na ruɓaɓɓen ƙwai ya taso, ka sunkuya har haɓarka ta taɓa ruwa kana laluben gindin karan da lauje mai dogon ƙota, ganyen yana yanka maka hannu, in ka fito ka zauna cire matsattsaku ɗaya bayan ɗaya. Yana da wani firam na katako mita ɗaya kowane gefe, ya ɗora a kan ruwa ya ƙirga kara nawa ne a ciki, ya faɗa da ƙarfi wani yaro a jirgi ya rubuta a littafin da suka naɗe a leda. Saiwar da ya tono a kan rufin kwanon ɗakin uwarsa yake shanyawa, ya auna da ƙaramin sikelin da ya aro wajen wani mai kemis, dan injin busarwa na ɗakin gwajin makarantarsu sai in akwai wuta ko an sayi gas na janareta, kuma ɗalibi ne zai saya.

Wa ya biya duk wannan? Ubansa ya sayar da sa, uwarsa ta ba shi kwasan adashinta, ni ma na sa abin da ya sauƙaƙa, malamin da ke duba aikinsa kuma, Allah ya saka masa, ya sha cire na aljihunsa ya ba shi kuɗin mota. Mutane da yawa suna jin ana cewa TETFund suna zaton duk wanda ke bincike a jami'a kuɗi na jiransa. Tsarin ba haka yake ba. Asusun na ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ne, ƙaramin tallafin da malami ke nema ta makarantarsa a lokacin iyakarsa naira miliyan 2 ce, babban kuma na ƙasa baki ɗaya gasa ce ta manyan malamai da tawagarsu. Ɗalibin da ba ma'aikaci ba ba shi da ƙofar shiga da kansa, sai dai ya raɓu da malamin da ya samu, in binciken malamin ya yi daidai da nasa. Nasa bai yi ba.

Sai 2022 ta zo da abu biyu. Ranar 14 ga Fabrairu malaman jami'a suka tafi yajin aiki, ba a dawo ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Kachala dai ba ta yajin aiki, dan haka ya ci gaba da shiga ruwa, amma kwalaben ruwa da lakar da ya ɗiba dan a gwada yawan takin da ke ciki ba inda zai kai su, suka lalace a ƙarƙashin gado. Sannan damina ta zo da ambaliyar da kowa a Jigawa ya sani, ta ci gidaje ta ci gonaki ta ci rayuka, maganar turakun wani ɗalibi ko ta taso ma abin kunya ne a lokacin. Ruwa ya tafi da mafi yawansu. Sa'arsa ɗaya ya ajiye lambobin wurin kowane fili a GPS ɗin wayarsa.

Da ruwan ya janye ya koma ya ga abin da har yau in yana ba da labari muryarsa canzawa take. Filayen da aka yanke a ƙasan ruwa aka maimaita kafin ambaliya, fili ne fetal, ruwa garau, in ka zura hannu ka ciro saiwar baƙa ce ta yi laushi tana wargajewa. Waɗanda aka ƙone kuwa sun dawo sun cika. Ni da na gani cewa na yi toh ai an gama, je ka rubuta. Ya ce Kawu ba a gama ba, yanzu ma aka fara. Shekarar nan ba irin sauran shekaru ba ce, ruwa ya hau fiye da kima ya daɗe a sama, ta yaya zan raba aikin laujena da aikin ambaliya? Sai na maimaita a shekarar da ruwa bai yi yawa ba, sannan in ga shekara nawa wurin zai yi a buɗe kafin iri ko saiwar maƙwabta su sake kama shi. Aƙalla damina uku yake so. Gaskiyarsa ce, kuma a daidai nan ne kuɗi ya ƙare.

Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta wuce 1,000. Dala da take wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Kuɗin mashin daga Hadejia, ladan samarin da ke shiga ruwa da shi, fenti, batir, komai ya ninka, babu sa na biyu da za a sayar.

Ya koma neman tallafin waje, irin ƙananan nan na fam ko dala dubu kaɗan da ake ba matasan masu binciken muhalli. Nan na koyi abin da ban sani ba game da yadda duniyar nan tasu take. Ba zan ambaci wuraren ba. Wani wurin kiran nasu na baƙin halittu masu mamaya ne, wato waɗanda ɗan Adam ya ɗauko daga wata nahiya, sai aka ce masa aikinsa yana da kyau amma kachala 'yar gida ce ba ta cikin ma'anar. Kuma fa akwai dalilin da ya sa kuɗi ke bin wancan layin, a Satumban 2023 majalisar masana halittu ta duniya, IPBES, ta fitar da rahoto cewa baƙin halittu sama da 37,000 ne aka kai wuraren da ba nasu ba, fiye da 3,500 daga ciki masu ɓarna ne, asarar ta wuce dala biliyan 423 a shekara bisa lissafin 2019, kuma yarjejeniyar Montiriyal ta 2022 kan kare halittu ta sa wa ƙasashe burin rage shigowarsu da rabi kafin 2030. Duk daidai ne. Sai dai ciyawar da ta fi kowace cin ƙasa a arewa maso gabashin Jigawa ba ta cikin wannan ƙirgen, saboda ba jirgi ne ya kawo ta ba dam ne ya sake ta. Wani wurin kuma suna son dabba ko tsuntsun da ke gab da ƙarewa, shi kuwa nasa abin ƙaruwa yake. Wani sai kana da albashi a wata cibiya da asusun da za a zuba kuɗin. Wani abokinsa ya ba shi shawara ya ce kai ma ka cika taurin kai, ka rubuta cewa za ka mai da kachala gas na girki ko abincin dabbobi ka sa mata da matasa a ciki, yanzu shi ake yayi.

Ni ban raina wannan ɓangaren ba. A ƙarƙashin TRIMING, shirin Bankin Duniya na inganta noman rani, wanda aka amince da shi a 2014 da kusan dala miliyan 495, an yi binciken mai da kachala gas da abincin dabbobi, Jami'ar Tarayya ta Gashua da wata jami'a a Madrid da Jami'ar Maryland ta Amurka suka haɗu a kai. A kogin Senegal ma, inda dam ɗin Diama na 1986 ya jawo musu irin tamu sak, mutanen wajen Rosso suna yin gawayi da ita, wasu suna sa ta a kayan gini. In mutum zai samu na cefane daga abin da ya hana shi noma ai alhamdulillahi. Amma tambaya daban ce. Mai neman abincin dabbobi ɗanyen ganye yake so a sama inda ya fi sauƙin yanka, kuma yana so gobe ya dawo ya samu wani. Dagacinmu kuma so yake ruwa ya wuce. Yaron ya ƙi canza taken aikinsa, wasu suka ce wauta ce, ni dai ban ce ba.

In ka duba tarihin yankin nan ba za ka ce an yi watsi da mu ba. Tun 1987 aka kafa shirin kula da dausayin Hadejia da Nguru tare da ƙungiyar kare muhalli ta duniya IUCN da masu kula da tsuntsaye na Ingila da Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya. A farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi lissafin da ya nuna ruwan da aka bari ya sauko fadama, in ka haɗa kifi da noma da itace, ya fi kawo amfani nesa ba kusa ba a kan irinsa da aka tare a manyan gonakin ban ruwa na sama. A shekarun 2000 shirin JEWEL na gwamnatin Birtaniya ya haɗa garuruwa aka yi ta buɗe mashigai da hannu. A 2006 jihohin da ke kan kogin suka zauna a Damaturu aka kafa asusun kula da shi. Ga TRIMING, ga ACReSAL, shirin Bankin Duniya na farfaɗo da ƙasar noma a arewa, na dala miliyan 700 da aka amince da shi a ƙarshen 2021. Kowanne ya yi abin da ya yi. Abin da suka haɗu a kai shi ne kowanne yana da ranar rufewa, ita kuwa kachala ba ta da. Kuma kusan duk baƙon da ya zo da sabuwar mota da binciken share fage yake farawa, a tara mu a gindin tsamiya a yi mana tambayoyin da aka yi wa iyayenmu.

Bayan ambaliyar 2022 an kawo manyan injinan nan masu shiga ruwa suna yashe kogi, kuma tsakani da Allah sun taimaka, wanda ya ce ba su yi ba bai zo ya gani ba. Ɗaya ya biyo ta bakin mashiginmu ya kwashe laka da saiwa ya jibge a gaɓa, shekarar nan ruwa ya isa fadamar ƙasa har aka yi alkama. Yaron ya je ya samu wani jami'i ya ce ranka ya daɗe, a ba ni dama kawai in auna zurfi da faɗi kafin injin ya wuce da bayan ya wuce, in riƙa dawowa duk wata uku, kuɗin mai kawai nake so, ta haka za a san shekara nawa yasa ɗaya take yi kafin a sake. Mutumin ya saurare shi da mutunci har ya karɓi lambarsa, ya ce malam maganarka gaskiya ce amma ba mu da wannan layin a bajet, akwai na inji akwai na gas akwai na bita, babu na aune-aune. Ban ga laifinsa ba, takarda aka ba shi. Yanzu tarin da aka jibge a gaɓa ya yi kore, tana gangarowa daga gefe biyu, ba wanda zai iya ce maka taku nawa take ci a shekara.

Ya kammala mastas ɗin da bayanan damina ɗaya, an ba shi sakamako mai kyau, littafin yana kan kanta a sashensu. Buga shi a mujallar da za a gani a waje wasu sai ka biya da dala, waɗanda ba a biya kuma cewa suka yi shekara ɗaya ta yi kaɗan, abin da shi ma ya sani. Aikin koyarwa a jami'a guraben ba yawa kuma kowa ya san sai da hanya. Irin aikin nan da ake ba matashi a waje na shekara biyu ko uku ya yi bincike zalla ana biyansa, a nan kusan babu shi, ko kai lakcara ne mai aji cike da ɗalibai kana satar lokaci, ko kuma ba kowa ba ne. 'Yan ajinsu da suka dage da harkar muhalli, masu sa'a sun bi layin tsuntsaye ta cibiyar APLORI da ke Jos, wasu sun koma lafiyar al'umma inda ƙungiyoyi ke ɗauka, sauran suna POS.

Shi yanzu yana koyarwa a wata makarantar kuɗi, in ƙungiyoyi sun zo kuma su ɗauke shi aikin kwana-kwana ya zaga ƙauyuka da tablet yana cike fom. Wani fom ɗin har da tambayar kadada nawa kachala ta cinye maka. Ya ce Kawu, mutumin da bai taɓa auna gonarsa da kadada ba, kuma yana zaton amsar ce za ta sa a ba shi taki, me kake jin zai ce? Sai ya faɗi abin da ya zo bakinsa, ni kuma in danna, gobe ka gan shi a rahoto da ɗigo da waƙafi. Abin na damunsa dan ya san yadda za a samu lissafin gaske. Hotunan tauraron Landsat suna nan tun shekarun 1970 kuma kyauta ne tun 2008, na Sentinel-2 tun 2015, da laftof da data zai iya bin yaɗuwarta shekara bayan shekara. Amma daga sama shinkafa kore ce ciyawar burgu kore ce kachala kore ce, sai wani ya shiga jirgi ya je ya tsaya ya ce nan kaza ne, sannan kwamfuta ta koya. Mun dawo kan kuɗin mai kenan.

A ganina abin da ya ɓace a lamarin nan ba ilimi ba ne ba kuma manyan kuɗi ba. Muna da jami'a a Dutse tun 2011, a Kafin Hausa tun 2013, ga ta Gashua, ga kwalejin kimiyya a Hadejia, yara masu digiri sun yi yawa har ba a san inda za a kai su ba. Filaye ne na dindindin ake so a mashigai kaɗan, da ma'aunin ruwa, da mutum ɗaya mai albashi da masunta biyu-uku masu ɗan alawus, ɗalibi ya gama ya miƙa wa na bayansa littafin ya ɗora, shekara goma ba a yanke ba. Ina da yaƙinin kuɗin bita ɗaya a otal zai riƙe wannan tsawon shekara. Sai dai ba ya ɗaukuwa a hoto, ba a yanka masa kintinkiri.

Akwai kuma maganar da mu kanmu ba ma son ji. Maganin kachala na asali shi ne a bar mashigai su bushe na wani lokaci da rani yadda suke yi da. Yaron ya faɗi haka a gaban dagaci wuri ya yi tsit, dan ruwan ranin nan da ya kawo kachala shi ne ya kawo alkama da shinkafar rani da tattasai da muke ci da su, har da ni mai wannan rubutun. Wa zai yarda a rufe masa ruwa sati shida? Sai in an nuna masa da lissafi cewa sati kaza a wata kaza zai kashe kaza, asararsa kaza ce ribarsa kaza, kuma lissafin nan shi ne wanda ba a biya kowa ya yi ba.

Abin da ya rage a garin, gayya ta canza salo. An daina ƙona bakin mashigi, ana yanka a ƙasan ruwa dab da lokacin da ruwa zai hau, wuta sai a can ciki saboda janbaki. Samari suna ƙorafi dan aikin ya fi wuya kuma wasu sun kwashi tsargiya sai da aka nemo musu magani, da yawa sun ce bana in ba sallama ba za su shiga ba. Ɗan sarkin ruwa har yanzu yana duba ƙarfen nan ya turo lambar ta WhatsApp ranar da yake da data. Shi kuma yaron ya cike fom na digirin dokta a Turai, malamin da ya amsa masa aikin taswirar tauraron ɗan Adam yake yi, in an dace daga can zai riƙa kallon kachalar garinsu a allo. Dagaci ya sa ranar gayyar bana, mutanen unguwar sama sun aiko cewa ba za su fito ba sai masunta sun cire dumbar kamun kifin da suka gitta a ƙasan mashigin, masunta sun ce dumba ba ta tare ruwa, an ce za a zauna ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.